Babba Ɗaya Daga Gidanku

Sharaɗi ɗaya Malam Kure ya gindaya, kuma ba mai tsada ba ne. Bai nemi saniya ba, bai nemi akwatin tufafi ba.

Ya ce wa Jumare, "Ka zo mini da babba ɗaya daga gidanku. Ɗaya tak. Ya zauna a gabana, ya buɗe baki ya ce kuna son 'yata. In ka kawo shi kafin jirgin Asabar ya tashi, Dina tana nan. In ba ka kawo ba, ta tafi Kafanchan."

Malam Kure mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, makanikin reluwe. Shekara ashirin yana haya a unguwar Borokiri, a Fatakwal. Ya ga yadda 'ya'yan masu shanu suke ɗaukar 'yan matan yankinsu ta bayan gida, su mayar da su ta bayan gida. Ya rantse ba za a yi haka da tasa ba.

Shi kuwa Jumare ɗan Alhaji Manu ne, wanda rabin shanun da jirgi ke saukewa a Fatakwal gidansa suke kwana kafin su ga mayanka. Alhaji ya ji maganar Dina sau ɗaya, ya ce, "Ba irinmu ba ce." Bai sake komawa kanta ba.

Ranar Juma'a da hantsi Jumare ya same ta a bayan asibitin mishan inda take aikin nas. Ruwa ake yi, irin na Fatakwal, wanda ba ya zuba da ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Suka raɓe ƙarƙashin kwano kusa da kicin.

"Dina, ki ƙara mini mako ɗaya."

"Wata bakwai na ƙara maka, Jumare."

"Baffana ya zo daga Misau. Goggona ma ta zo, wadda ta goye ni. A cikinsu ba zan rasa ɗaya ba."

"Haka ka ce da ƙaramar salla. Ka ce limami. Ina limamin?"



Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Kada ka ɗauka Baba ne ya ɗaure mini akwati. Ni na ɗaure da hannuna. Na nemi canjin wurin aiki, an ba ni. Shekarata ashirin da biyar, ina karɓar haihuwar mata, ina ɗinke maza, amma in zan gan ka sai na ɓuya a bayan kicin kamar wadda ta saci kaza."

"Albert ne ya sa ki wannan magana."

"Albert bai sa ni komai ba. Ya zo daga Kafanchan da kawunsa da kwandon doya, sun shiga ta ƙofar gaba, sun gaida Baba. Malamin makaranta ne, ba shi da mota. Ba na son sa, kai ma ka sani. Amma bai taɓa jin kunyar a gan shi da ni ba."

"Ni ma ba kunyarki nake ji ba."

"To kunyar wa?"

Ta ɗaga ido ta dube shi.

"Ƙarfe huɗu jirgin zai tashi. Zan zauna a bakin taga. Ba zan daina duban ƙofar tasha ba sai ta ɓace mini. Kada ka zo kai kaɗai, don Allah. In ka zo kai kaɗai, kuka kawai za ka ƙara mini."

Maganar sharaɗin ta riga ta kai kunnen Alhaji Manu, kuma wanda bai san shi ba zai zaci faɗa zai yi. Na yi ciniki da irinsu shekaru da yawa. Ba sa ɗaga murya. In sun ga sa yana son ƙwacewa, ba sa jan igiya, sai su tsaya a inda zai bi.

Bayan an sauko daga masallaci, ana cin tuwo a zaure, Alhaji ya dubi yayansa Baffa Yero ya ce, "Yaya, kwananku tara a garin nan, ba abin da kuka gani sai bangon gidana da bindin shanu. Hutu kuka zo. Gobe Asabar za a kai ku ku ga Fatakwal tun daga farkonta. Tun safe har yamma."

Baffa Yero ya ce, "Madalla."

"Malam Arzika zai zo." Malam Arzika shi ne tsohon dillalin gidan, wanda ya san Jumare tun yana rarrafe. "Rakiya ma za ta zo. Jumare zai tuƙa mu, shi ne mai karanta rubutun Turawa."

Lomar da ke hannun Jumare ta tsaya a hanya.

Ya ƙirga kamar yadda ubansa ya riga ya ƙirga. Baffa Yero. Malam Arzika. Goggo Rakiya. Duk mai furfurar da za a iya kira babba a gidan nan, an zuba shi a mota ɗaya. Shi kuma an ba shi sitiyari, Alhaji a gefensa.

Da safe, an gama shiga motar kombi, sai Goggo Rakiya ta ce ba za ta zauna ita kaɗai cikin maza ba, a kira Dije. Alhaji ya ɗaga kafaɗa. Dije ta fito da kwandon abinci, ta wuce can kujerar ƙarshe ta zauna.

Dije ita ce ta haifi Jumare. Shi ne ɗanta na fari, don haka, a al'adar gidansu, kamar ba ita ta haife shi ba. Ba ta kiran sunansa. Ba ta yi masa magana baki da baki. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa Rakiya, ƙanwar Alhaji, ita ta riƙe shi a Misau har ya shekara goma. In dole ta kama Dije ta ambace shi, sai ta ce "ɗan Rakiya". Shi ma bai taɓa ce mata Inna ba. Adda yake ce mata, kamar yayarsa. Bara da man gyaɗa mai zafi ya kwarare mata a hannu, shi ya yi ta kai ta asibiti mako uku, Dina tana wanke ciwon. Nan Jumare da Dina suka san juna. A mako ukun nan Dije ba ta ce masa ko sannu ba.

Farko aka je filin da aka ɗaga tutar 'yanci bara. Jumare ya nuna musu inda mutane suka tsaya, da inda 'yan makaranta suka yi maci.

Baffa Yero ya riƙe ƙugu ya duba gabas ya duba yamma. "To ina abin?"

"Wane abu, Baffa?"

"'Yancin. Ni ciyawa na gani." Ya sunkuya ya tsinko ya murza. "Kai, amma ciyawa ce mai kyau. Wannan ai za ta riƙe shanu talatin har kaka. Wa ke kiwo a nan?"

"Ba a kiwo, Baffa. Aske ta ake yi a zubar."

"A zubar! Manu, ka ji? Shi ya sa Turawan suka kasa riƙe ƙasar."

Malam Arzika ya yi dariya har da tari. Jumare ya dubi agogonsa. Goma da kwata.

Daga nan tsohon gidan Razdan, wanda suka leƙa ta shinge. Baffa Yero ya ƙirga tagogi ya kai sha tara ya gaji. Daga nan tsohon coci mai ƙararrawa. Daga nan babban kantin Turawa, inda Goggo Rakiya ta gaida mutum-mutumin da aka sa wa riga a bayan gilashi, ta ƙara gaishe shi, sannan ta ce mutanen kudu ba su da tarbiyya.

Duk inda aka tsaya, Alhaji sai ya ce, "Kada a yi gaggawa. Jumare, karanta musu allon can." In ya gama, ya ce, "Na ƙasan fa?"

Sha biyu ta wuce suka isa tsohuwar maƙabartar Turawa. Maza suka shiga, mata suka tsaya a bakin katanga, wadda ba ta wuce ƙugu ba. Duwatsun sun yi gansakuka. Jumare yana karantawa yana fassarawa: wannan shekararsa ashirin da shida, wannan ashirin da uku, wannan akawun kamfani, wannan mai awon hanyar jirgi.

Malam Arzika ya girgiza kai. "Yara ne ashe. Mu muna ganinsu da hular kwano muna zaton dattawa ne. Sun zo neman manja, sauro ya karɓe su."

Alhaji ya ja yayansa can ciki don ya nuna masa wani kabari mai sarƙa. Jumare ya ga dama ta samu. Ya zagayo bakin katanga ya durƙusa a gaban Goggo Rakiya.

"Goggo."

"Tashi, kada ubanka ya gani."

"Goggo, ke kika goye ni. Ke kika tauna mini abinci. Ban taɓa roƙonki komai ba tun da na yi wayo. Minti goma ne. Ki zauna a gaban mutumin nan ki ce kuna so, shi ke nan."

Idonta ya cika. "Jumare, ka zaci ban sani ba? Tun daren da muka sauka ubanka ya kira ni. Ya ce in na taka ƙafa wajen mutanen nan, kada in sake ce masa yaya, ko gawarsa kada in zo."

"Zai huce."

"Manu? Ni muka sha nono ɗaya da shi. Har yau bai huce da wanda ya harbe masa akuya muna yara ba." Ta kama kansa da hannu biyu tana kuka a hankali. "Mijina ya rasu, ba ni da ɗa sai kai, ba ni da inuwa sai tasa. In ya kore ni ina zan nufa? Ka yafe mini. Ka yi haƙuri, ɗana. Akwai mata a Misau."

"Ba mata nake nema ba, Goggo. Ita nake nema."

"Na sani."

"Ƙarfe huɗu za ta tafi."

"Na sani, na ce."

Dije tana tsaye taku uku daga gare su, ta ba su baya, kamar ba ta jin Hausa. Wani ƙaramin dutse take kallo, wanda ke jingine da katangar. Can sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Rakiya, tambayi ɗanki, wannan mai guntun rubutun me ya ce?"

Jumare ya share fuska ya matso. Ya kankare gansakukar da farce.

"A gaya wa Adda, uwar yaron ce ta aiko daga ƙasarsu aka sassaƙa. Ta sa sunansa. A ƙasa ta sa, ɗana na fari."

Goggo Rakiya ta ja hanci. "Ɗan fari? Ta kama suna ta rubuta a dutse, duk mai wucewa yana gani? Kai, Turawa. Ba kunya ko ta ƙwayar gero."

Dije ta ce, "Ta zo ta ga wurin?"

"Ba a rubuta ba. Da wuya."

Dije ta gyara mayafinta ta koma mota.

Aka yi azahar a masallacin unguwa, aka ci dambun nama da gurasa a gindin wata bishiya. Jumare ya ture nasa gefe. Sau biyu yana neman Malam Arzika da ido, sau biyu tsohon yana sunkuyar da kai yana gyaran takalmi. Shekara talatin yana cin la'ada a ƙofar Alhaji. Ba yau zai koyi sabon hali ba.

Biyu da rabi Alhaji ya ce, "Saura babban. Bakin ruwa."

Nan Jumare ya gane iyakar shirin. Tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, inda aka fara garin, inda ake loda gawayin Inugu da manja, tana maƙwabtaka da tashar jirgin ƙasa. In jirgi ya yi kuka a can, ana ji a nan kamar a kunne. Alhaji bai kawo shi nesa ba. Kusa ya kawo shi, don ya ji da kunnensa, magana ta mutu.

A bakin ƙofa wani ɗan sanda na tashar ya karɓi takarda daga hannun Alhaji ya duba. Wani akawu abokin cinikin Alhaji ne ya samo ta, takarda ɗaya ta su duka.

"Oga Alhaji, una welcome. Hold am well o. No paper, no come out."

Baffa Yero ya ce, "Me ya ce?"

Alhaji ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji ya dafa. "Ya ce ba mai fita sai da wannan."

Aka ja ƙofar ƙarfe a bayansu.

Jirgin da aka ba su izinin hawa ya fi masallacin Juma'a tsawo. Baffa Yero ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. "Manu, wannan ƙarfe ne?"

"Ƙarfe ne."

"Allura in ta faɗa randa nutsewa take. Wannan wa ke riƙe da shi?"

Malam Arzika ya ce, "Hau ka tambaye shi."

Matakalar doguwa ce, ta katako da igiya, tana lilo a kan ruwa mai baƙi. Baffa Yero ya hau yana salati. Malam Arzika ya bi. Goggo Rakiya ta kama igiya. Jumare ya dubi agogo: uku da minti goma.

Dije ta sa ƙafa a matakin farko, sai ta janye. Ta dafe goshi. Ta zauna a kan wani tulin igiya.

"Alhaji, jiri nake gani. Warin ruwan nan ya juya mini ciki."

"Zauna a nan ki jira mu."

"Cikin ƙartin nan?" Lebura kusan ashirin ne ke wucewa da buhuna, ba riga, wasu har sun tsaya suna kallo.

Alhaji ya ɓata fuska. Ba zai bar matarsa a nan ba. Ba zai haɗa ta da Arzika ba, ba muharraminta ba ne. Shi kuma ba zai sauka ya bar yayansa ba.

Goggo Rakiya ta ce, "Bari in raka ta gida, Jumare ya kai mu."

"Ke hau," in ji Alhaji, da sauri. "Hau, na ce."

Ya zaro takardar ya miƙa wa Jumare. "Kai ta gida. Ka sauke ta, ka juyo. Ka dawo mini da wannan, in ba haka ba a nan za mu kwana."

Baffa Yero ya leƙo daga sama ya rage murya, amma iska ta kawo maganar. "Manu, ka sake shi? Saura kusan awa guda."

Alhaji ya yi 'yar dariya. "Ya je. Mutumin nan, babba ya ce a kawo masa. Manyan ga su nan duka a kan ruwa. Da wa zai je? Da Dije? Shekara ashirin da takwas ba ta taɓa yarda ta san shi ba."

Mutum ne mai lissafi, Alhaji Manu. Shanu ɗari biyu in suka wuce ta gabansa sau ɗaya, zai gaya maka wadda ke ɗingishi. Amma abin da ya saba gani kullum a tsakar gidansa, ya daina ƙirga shi.

Kombi ta fita daga ƙofa. Dije tana can kujerar ƙarshe inda take tun safe, kujeru biyu babu kowa a tsakaninsu. Jumare yana tuƙi, hanya tana yi masa ruwa-ruwa a ido.

Suka iso mararraba. Dama, hanyar gida. Hagu, ga rufin tasha ana hangowa.

Ya sa hannu zai karya dama.

"A gaya wa mai tuƙi," in ji Dije, tana kallon kwandon abinci, "ba gida za ni ba."

Ƙafarsa ta zame, motar ta yi tsalle ta mutu a tsakiyar titi. Wani mai tasi ya danna oda yana zagi da Inyamuranci.

"Adda?"

"An ce yau ranar ganin wurare ce. Kowa an nuna masa nasa. Ni tasha nake son gani. Tun ranar da aka sauke ni a cikinta ban sake ganinta ba."

"Adda, jirin fa?"

"A gaya masa kada ya juyo. Ya dubi gabansa."

Ya tayar da motar, ya karya hagu.

Tasha cike take. Masu doya, masu kifi busasshe, sojoji biyu, matan da ke ɗaure da kaji. Ga kuma mutanen Arewa masu rakiyar shanu, waɗanda suka sauke kaya za su koma, rabinsu a zauren Alhaji suka kwana. Suka ga Jumare, suka ga matar da ke bin sa a lulluɓe, suka fara taɓa juna.

Dina tana bakin taga kamar yadda ta ce. Da ta hango shi ta miƙe, sannan ta duba bayansa, ba ta ga rawani ba, ba ta ga babbar riga ba. Ta koma ta zauna ta rufe fuska.

Malam Kure yana tsaye a ƙasa da hular reluwe. Albert na gefensa, siriri, da farar riga da alƙalami a aljihu.

"Samari," in ji Malam Kure, "na ce kada ka wahalar da yarinyar nan. Ina babban?"

Jumare ya matsa gefe.

Dije ta duba, ta ga wani buhun gari a jingine da ginshiƙi. Ta je ta zauna a kai. Ta tattara mayafinta.

"An ce sai an zauna," ta ce. "Na zauna. Ina wuni, Malam?"

"Lafiya lau, baiwar Allah. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ina iyali?"

"Lafiya." Ya dube ta da kyau. "Ke wace ce a wurin yaron nan?"

"Ɗan Rakiya ne."

"Ban san Rakiya ba. Ke na tambaya."

"A gidanmu yake."

"Mai haya ma a gida yake. Ba na ba maƙwabta 'ya."

Dina ta leƙo ta taga. Ta ga tabon ƙuna a hannun da ke riƙe da mayafi, tabon da ita ta yi mako uku tana wankewa. Ta ce, "Baba! Baba, ai ita ce..."

Ya ɗaga mata hannu. "Na sani. Na zauna da Fulani tun ba a haife ki ba, na san al'adarsu. Amma ba daga bakinki nake son ji ba. In gobe aka wulaƙanta ki a gidan nan, ina son in san wanda ya tsaya a gaban mutane ya ce nasa ne."

Aka buga ƙararrawar farko.

Masu rakiyar shanu sun matso sun yi da'ira. Wani dattijo a cikinsu ya kawar da kai don kunya. Dije tana kallon ƙasa. Leɓenta yana motsi ba sauti. Jumare ya ga zufa tana gangaro mata ta gefen kunne, ya ji kamar ya ce a bari, a bar ta, ya haƙura.

Sai ta ɗaga kai.

"Ni na haife shi."

Ta gyara murya.

"Ranar Juma'a, a Misau, shekarar da fara ta cinye gero. Kwana biyu ina naƙuda. Aka karɓe shi daga bayana yana da shekara biyu, ban yi kuka a gaban kowa ba." Hawaye ya ɓalle mata, ba ta kula ba. "Jumare ɗana ne. Jumare. Ɗana na fari. Na zo nema masa 'yarka, ta ƙofar gaba, da rana tsaka."

Jumare ya durƙusa. Bai taɓa jin yadda sunansa yake a bakinta ba. Ashe ja take yi masa a ƙarshe, irin na mutanen Misau.

Malam Kure ya cire hularsa.

"Maigidanki ya sani?"

"Zai sani kafin magariba."

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na fi ka saninsa, Malam. Shekara talatin nake dafa masa abinci."

Ya daɗe yana juya hular a hannu. Sannan ya ɗaga kai wajen taga. "Dina. Na ce babba, an kawo wadda ta fi wanda na nema. Saura ke. Ba zan sauke ki ba, ba zan tura ki ba."

Dina kuka take har kafaɗunta na girgiza. Ta dubi Albert. "Ka yafe mini."

Albert ya hau taragon, ya ciro akwatinta daga ƙarƙashin benci, ya miƙo ta taga da kansa. Jumare ya tashi ya karɓa. Albert bai saki hannun akwatin nan da nan ba.

"Zan dawo hutun Kirsimeti," ya ce a hankali. "In na tarar har yanzu a bayan kicin kake ganinta, da kawuna zan sake zuwa. Kuma a ranar ba zan sauke akwati ba."

Ya saki.

Dina ta sauko, ta wuce Jumare, ta durƙusa a gaban buhun gari ta kama hannun mai tabo. "Mama."

"Tashi, 'yata. Bi babanki gida. Abin da ya rage ba naki ba ne."

Jirgin ya yi kuka, dogo, ya ja jiki. Albert yana tsaye a bakin tagar da Dina ta bari.

Dije ta miƙe ta share fuska da gefen mayafi. Ta juya wa Jumare baya, ta fuskanci ginshiƙi.

"A gaya wa mai tuƙi, an bar mutane a bakin ruwa."

A can saman jirgin ruwa, Alhaji Manu ya ji kukan. Ya ciro agogon aljihu ya duba, ƙarfe huɗu daidai. Ya mayar, ya shafa gemu, ya ce wa yayansa, "Shi ke nan, Yaya. An rufe wannan." Ya jingina da ƙarfen jirgin yana murmushi, yana jiran ya ga ɗansa ya shigo da kai a sunkuye.

Kombi ta tsaya a wajen ƙofa. Jumare ya sa hannu a aljihu zai fita.

"A ba ni takardar," in ji Dije. "Shi ya zauna a mota."

Daga sama Alhaji ya ga an buɗe ƙofar ƙarfe. Ya ga wanda ya shigo ba ɗansa ba ne. Matar da ya tura gida da jiri ce, tana ratsa tsakiyar lebura ba tangaɗi, takardar fitarsu a hannunta. Ta zo gindin matakala, ta kama igiya, ta fara hawowa.